Gangar Nomau da Rawanin Malam Isaka

Akwai wata magana da ke yawo a gidan nan tun kuna ƙanana, yanzu har na fara jin ta a bakin jikoki. Wai Malam Isaka na Gabi, surukin yayarku, shi ne mutumin da ya mai da bikinta zaman makoki. Duk ranar da aka kunna kiɗan biki a unguwa sai wanku Lawali ya tayar da ita, ku kuma ku kama masa kuna dariya, kuna kwaikwayon tafiyar tsohon. Na daɗe ina jin ku ina haɗiyewa, kuma kun san haɗiye magana ba halina ba ne. To yanzu gwiwa ta yi nauyi, ido ya fara hazo, ba zan bar ku da rabin labari ba. Gaskiya ne ba a yi kiɗa a bikin ba. Sauran ne ba ku sani ba.

Ni ba haifaffiyar Madarumfa ba ce, aure ne ya kawo ni bakin tafkin nan. An haife ni a wani ƙauye a kan hanyar Gabi, a gidan Anna, wato masu bin addinin kaka da kakanni. Gidanmu gidan gangar noma ne. In an kira gayya, mutane suka taru su yi wa wani noma, babanmu ne ke bin bayan manoma da ganga yana zuga su har a gama gonar. Da babanku ya aure ni na musulunta, wana Nomau kuwa ya zauna a kan abin da ya tarar, ya gaji gangar. Bai taɓa tambayata don me na bari ba, in na je ganin gida ma shi ke ɗebo mini ruwan alwala. A gidan namu akwai wata al'ada. Kowace ɗiya ana yi mata take, ɗan kiɗa nata ita kaɗai. A buga mata shi tana ƙarama har kunnenta ya riƙe, sannan a ajiye, ba a ƙara taɓa shi sai za ta tafi gidan miji. Da shi ake sallamarta. Wadda ta tafi ba a buga mata ba, a wurinsu ba aurar da ita aka yi ba, fita kawai ta yi daga gida.

Yayarku ɗiyar fari ce, shi ya sa har yau ba ku taɓa jin sunanta a bakina ba, a nan ma ba za ku ji ba. Da aka yaye ta, Nomau aka kai wa, don shi Allah bai ba shi ɗiya mace ba. Ranar da aka kai ta ya yi mata take. A bayan matarsa ta yi wayo, a kafaɗarsa take zuwa gona, shi take kira Baba. Sai da ta isa shiga lekwal, wato boko, da makarantar allo muka karɓo ta, ranar kuwa Nomau bai ci tuwo ba. Bayan babanku ya rasu, shekarar da damina ta yanke gero bai yi ba, kun san wanda ya riƙe gidan nan? Kwalekwalen babanku na kife a bakin tafki, garkata ba ta fara ba da salati da kabeji ba tukuna, sai ga amalanken jaki a ƙofar gida da damman gero. Ya buɗe rumbunsa ya raba biyu. Duk wanda ke da nama a jikinsa a cikinku, da geron kawunku a ciki.

Habibu, ɗan Malam Isaka, mai gyaran injin ban ruwa ne. A garkata ya ga yayarku, inji kuma tun daga ranar ya shiga lalacewa kullum ba dalili. Yaro mai hankali, ba ni da abin faɗi a kansa. Manya suka shiga, aka sa rana kafin azumi. A shekarar nan azumi a tsakiyar damina ya faɗo, saboda haka bikin ya zo daidai lokacin maimai, noma na biyu, kowa hannunsa na kan hauya. Tun daga ranar gidan nan ya kaure da gardamar kiɗa. Matan unguwa suka ce kiɗan ƙwarya za su yi tun daga ranar sa lalle. Lawali, lokacin yana ji da samartaka, ya zo ya tsaya mini a ka ina gyaran kifi.

"Inna, bukin Yaya guda ne. Na riga na yi magana da wani mai sono a Maradi. Akwatunan kiɗanshi kamar rumbu, ga dije, ga gurup nashi mai ba da wuta, ko kuran ya ɗauke ba ruwanshi."

Na ce, "Kai da shi ku je ku kurmantar da kihin tabki. Ni abin da na sani, kawunka zai buga mata take. Bayan nan ku yi haukanku."

A zuciyata an gama magana. Kowa ya samu nasa, mata da ƙwarya, samari da sono, Nomau da gangarsa a ƙofar gida ranar da za a fita da ita. Ban san Gabi na da tata maganar ba. Malam Isaka limami ne a masallacin unguwarsu, cikin mutanen da ba sa kiɗa ko kaɗan. Na san da haka, amma na ɗauka a gidansa abin zai tsaya. Ranar da matansu suka kawo lefe, bayan an ci an sha, babbarsu ta gyara lulluɓi ta dube ni.

"Malam ya ce a gaya muku, ba kiɗa. Ba sono, ba kalangu, ba ƙwarya, nan da can. Walima za a yi, mata su taru a yi wa'azi, a ci abinci a watse."

Na ce, "Har ganga?"

Ta ce, "Balle ganga."

Wallahi ban san lokacin da na miƙe ba. Wata maƙwabciya ce ta ja mini zane na koma na zauna. Lawali da ya ji ya yi ta zage-zage, ya hau moto ya tafi Maradi wurin abokansa ya yi zamansa, bai dawo ba sai ana gobe ɗaurin aure. Ni sono bai dame ni ba, da ma ciwon kai yake sa ni. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne wanda zai je ya gaya wa Nomau. Na duba na ga ba kowa sai ni. Da safe na bi amalanken masu zuwa kasuwa na sauka ƙauyenmu. Na iske shi a gindin bishiyar ƙofar gida, ya kwance gangar yana sa mata sabuwar fata. Akuya guda ya yanka don wannan. Da ya gan ni ya washe baki, ya ɗaga fatar ya ce in taɓa in ji. Na zauna na yi ta kewaye-kewaye, ina tambayar jaki ina tambayar kaji, har dai na faɗa. Bai ɗago ba, ya ci gaba da jan tsirkiya.

Can ya ce, "To ai ba komi. Da ma ƙahwar ga tawa ta matsa mani. Ba ni jin ina iya zuwa bukin."

Na ce, "Yaya, ƙahwarka lahiyarta lau."

Ya ce, "Rabi, in na zo da ganga, na ɓata mata aure. In na zo ba ganga, mi zan ce na zo yi? Ku kai ta dai. Allah shi ba su zaman lahiya."

Na dawo gida da ɓacin rai ban gaya wa kowa ba, amma yayarku ta karanta a fuskata. Ku kun san ta da sanyi, ba ta musu da kowa. Yarinyar nan ta daina cin abinci. Kunyar ɗiyar fari ta hana ni in zaunar da ita in lallashe ta, sai dai in ajiye kwano in wuce. Wata rana tana daka, ta ba ni baya, ta yi magana kamar da turmi take.

"In Baba bai sallame ni ba, ba inda za ni."

Na san ba wasa take ba, don halina ne a jikinta, nata dai ba ya ƙara. To ga yadda abin ya tsaya: ko auren ya watse, ko a fitar da ita a bar mutumin da ya raine ta zaune a ƙauye kamar bare. Na auna na auna, kowanne na ɗauka sai ya ƙone mini hannu. Daga ƙarshe na yi abin da uwar amarya ba ta yi. Na yafa mayafi na tafi Gabi da ƙafata, na yi sallama a zauren Malam Isaka. Matansa suka yi ta zare ido. Aka shimfiɗa mini tabarma daga bakin ƙofa ta ciki, shi yana daga zaure, ba mai ganin fuskar wani. Na yi niyyar in yi magana da ladabi, na kuwa fara da ladabi, amma ban yi nisa ba bakina ya ƙwace. Na gaya masa yaye, na gaya masa damman gero, na gaya masa akuyar da aka yanka. Na ce yarinyar da yake yabon tarbiyyarta har yake so wa ɗansa, ai a gidan mai gangar ta samo. Ya bar ni har na gaji don kaina.

Ya ce, "Uwar amarya, na ji ki, kuma ba ki hwaɗi ƙarya ba. Amma abin da na yarda haramun ne, ba ni halatta shi don a ji daɗina. Ba a buga ganga a bukin ɗana."

Na fara laluben takalmina. Sai na ji ya ce, "Dakata. Ranar kasuwa na biyo ta gonar wanki, na ga haki ya kusa shanye hatsi. Ba a yi mashi maimai ba?"

Na ce, "Ɗiyanshi duk suna Najeriya. Shi kaɗai ne da tsuhwa."

Ya ce, "A al'adarku, ba saurayi kan kai ma uban yarinya gayya ba kahin a ba shi ita?"

Na ce, "Da can ke nan. Wa ke yi yanzu?"

Ya ce, "To. A sauka lahiya."

Na fito ina huci. A ganina na kawo masa kuka ya ɓige da zancen ciyawa. Duk hanya ina tsara maganganun da ban samu na gaya masa ba, har mai amalanke ya tambaye ni ko da shi nake. Ba a yi mako ba sai ga Habibu da yamma, ya durƙusa daga nesa, ya ce Malam ya ce a shirya fura da tuwo mai yawa, jibi za su kai wa Baba Nomau gayya. A nan ma ban gane ba. Sai da na juya zan shiga ɗaki abin ya faɗo mini: ba a gayya a gonar Nomau ba ganga.

Ranar an kwana da ruwa, ƙasa ta yi laushi. Na riga kowa isa don in hura wuta. Hantsi bai ɗaga ba sai ga su, samarin Gabi da ɗangalallun wanduna da gemu, kowa da hauya a kafaɗa, Habibu a gaba. A bayansu Malam Isaka ne da kansa, da tasa hauyar, da wani rawani mai kauri da ban taɓa ganin ya naɗa irinsa ba. Nomau ya fito yana ɗingishin ƙaryar da ya ƙirƙiro. Malam ya miƙa masa hannu.

"Nomau, ga ɗanka na kawo maka shi biya noma. Kai ka ciyar da yarinyar ga, kai ne ubanta a wajena. Gona taka ce. Abin da kake yi a gonarka ban zo in hana ba, ban kuma zo in ji ba. Ni dai a ba ni can ƙarshe, gindin gawon can."

Yana faɗin haka ya jawo rawanin nan ya rufe kunnuwansa, ya zagaya ya sake zagayawa, ya ɗaure tam a ƙarƙashin haɓa. Ya saɓi hauya ya nufi ƙarshen gona, ya ba mu baya ya duƙa. Nomau ya bi shi da kallo. Sannan ya juya ya shiga gida, ɗingishin ya ɓace, ya fito rataye da ganga. Bugun farko wasu daga cikin samarin suka ɗago suka dubi juna. Kaɗan suka saɓi hauyarsu suka kama hanyar Gabi ko sallama babu. Sauran suka tsaya, suka jeru. Da fari suna noma suna ɗaure fuska, amma gangar noma ba ta tambayar ra'ayin mutum, sai ga hauyoyi na sauka tare. Mutanen ƙauyenmu da suka ji suka fito da nasu. Nomau na bin su a baya yana zuga Habibu, yana kiran sunan kakanninsa da ban san inda ya samo su ba, yaron nan yana noma kamar zai tsaga gonar.

Da rana ta take, mata suka taho da abinci a jere, yayarku a tsakiya da ƙwaryar fura a ka. Nomau na hango ta ya tsai da kiɗan noma. Gona ta yi tsit. Sai ya sake kama wani, a hankali, ɗan gajere mai komowa, wanda rabona da jin sa tun tana tatata. Yarinyar ta tsaya cak. Na ga ƙwaryar na rawa a kanta, wata ta yi maza ta sauke mata. Ta taka ita kaɗai cikin gero har gabansa ta durƙusa, shi kuwa yana bugawa hawaye na bin gemunsa. Uwa ba ta kuka a kan ɗiyar fari a gaban mutane. Na koma bayan murhu na ce hayaƙi ne, na yi mai isata. Da ya kai ƙarshe ya dafa kanta da hannun da yake riƙe da makaɗi.

"Tahi, ɗiyata. Na sallame ki."

Duk wannan abin Malam Isaka na can gindin gawo, bayansa kawai muke gani yana duƙawa yana tasowa. Bai juyo ba ko sau ɗaya. Sai da aka aika aka taɓa kafaɗarsa aka nuna masa an ajiye ganga, sannan ya kwance rawani, gumi ya jiƙa shi sharkaf, ya zo ya zauna kusa da Nomau suka sha fura a ƙwarya ɗaya.

Ranar ɗaurin aure Nomau ya zo da sabuwar riga, hannu sake. Malam ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a cikin manya, da aka zo rabon goro shi aka fara miƙa wa. Bikin kuma, ba zan yi muku ƙarya ba, shiru ne. Malamar da aka kawo ta yi wa'azi mai tsawo har na yi gyangyaɗi. Matan unguwa suka ci shinkafata suna taɓe baki, aka daɗe ana yi mini habaici a bakin rijiya, wai na aurar da ɗiya kamar mai ɓoye sata. Lawali ya dawo ya tarar ba sono, wannan kaɗai ya gani, shi ya riƙe har yau. Ku kuwa kuna ƙanana, abin da ya faɗa muku shi kuka ɗauka. Ni kaina ya yi mini ciwo, don ina son a yi guɗa da rawa a ƙofata kamar kowace uwa. Amma yayarku ta fita daga gidan nan da ƙafarta, ba a ja ta ba. Nomau bai ga wata daminar ba, da bazara ya rasu, kuma wannan take shi ne na ƙarshe da ya buga wa wata ɗiya.

Abin da ba ku sani ba shi ne abin da ya biyo baya a Gabi. Samarin da suka bar gonar sun kai labari. Aka ce liman ya kwashi 'ya'yan Musulmi ya kai su gonar arne ana yi musu kiɗa. Aka yi zama a kansa, aka ce ya sauka daga limanci. Masallacin da ya ɗauki tubalinsa a ka, ya koma yana sallah a sahun baya, a bayan yaran da ya koya wa Fatiha. Bai bar masallacin ba, bai kuma yi jayayya da kowa ba. Ya hana iyalinsa su kawo mana zancen, sai bayan sallar azumi yayarku ta gaya mini a ɓoye. Daga baya ma ya roƙe ni kada in yaɗa, don kada a sake tayar da ƙura, shi ya sa na yi shiru shekara da shekaru. Ni dai ina faɗa muku a fili, bayan iyayena da Nomau, ba mutumin da nake jin nauyin alherinsa kamar wannan tsoho. Bai sauka daga abin da ya yarda da shi ba, bai kuma wulakanta nawa ba, ya ɗauki asarar shi kaɗai. Ba na sallah ban sa shi a addu'a ba.

Da na ji labarin na soya kifi cikin kwano na tafi Gabi. Aka shimfiɗa mini tabarma a bakin ƙofar nan ta ciki, shi yana zaure. Da ƙyar na ce, "Malam, na ji abin da ya same ka sabili da mu."

Ya ce, "Su ma tsoron Allah ne ya sa su, kada ki riƙe su. Ni dai na gaya masu gaskiya, ban ji komi ba. Kunnena naɗe yake."

Ina jin ƙarar carbinsa. Can ya yi gyaran murya.

"Amma ita ta ji?"

Na ce, "Ta ji, Malam."

"Har ƙarshe?"

"Har ƙarshe."

Ya ce, "To alhamdu lillahi. A shiga da kihin ciki."